Lodar da Ke Mutuwa Idan Tanki Ya Kai Rabi

Muna da gidan bulo a wajen Asokore Mampong, kuma duk aikin kwasar yashi da tsakuwa da loda wa tifa yana wuyan wata ƙaramar loda guda, irin wadda mutanen Kumasi ke kira bobkat ko wane kamfani ya ƙera ta. Tamu tsohuwa ce, ta hannu, ta tashar jiragen ruwa ta Tema ta shigo. Injinta na dizal ne mai silinda 4, ba kwamfuta a jikinsa, famfo ne da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, irin na da. A tsakiyar damina, wajen watan Yuni, ta ɗauko wani hali. Da safe buga ɗaya take tashi. Ta yi aiki na ɗan lokaci lafiya lau, sai ka cusa bokiti cikin tulin yashi ka ji muryarta ta faɗi, ta yi rawar jiki, ta mutu. Ka bar ta ta huta, ka mammatsa famfon hannu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Masu buga bulo suna zaune, siminti a kwaɓe, tifa a bakin ƙofa direba na danna ham.

Wani matashin fita, wato makanike, da ke gyara mana janareto ya saurare ta, nan take ya ce famfon injekta ne, wato babban famfon da ke tura mai zuwa nozul, a kwance a kai Magazin, unguwar makanikai da ke Suame. Kuɗin da ya ambata ya kusa ribar wata guda. Ban yi masa musu ba, amma raina bai kwanta ba, domin famfon da ya mutu ba ya tashi da safe garau ya yi aiki kamar sabo sannan ya canza ra'ayi da hantsi. Sai na je Suame na ɗauko wani dattijo da mahaifina ke kai wa mota tun ina ƙarami. Duk wanda ya san Magazin ya san irinsu: cikin dubban masu sana'ar ƙarfe da ke wurin akwai tsofaffin da ba sa ɗaukar sifana sai sun gama tambaya.

Tambayarsa ta farko ita ce, “Ɗana, idan tanki a cike yake tana yi?”

Na ce, “Masta, tana raguwa da ƙarfi, amma ba ta cika mutuwa ba. Sai mai ya sauka wajen rabi.”

Ya ce, “To ka bar famfo ya sha iska. Famfo bai san yawan man da ke tanki ba.”

Kafin ya taɓa komai sai da ya tsaya a bayanta ya sa aka buga, yana kallon salansa. Hayaƙi yana faɗin abubuwa da yawa. Idan sitata na juya inji ba ko ɗigon hayaƙi, mai ba ya isa silinda kwata-kwata. Idan fari ne mai warin ɗanyen dizal, man na zuwa amma ba ya ƙonewa yadda ya kamata, ko ya haɗu da iska ko ruwa. Baƙi wuluk kuwa yawanci numfashi ne ya toshe, a duba filtar iska, abin da ya fi damunmu a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ƙurar arewa ke sauko mana. Tamu fari take ɗan fitarwa, tana sarƙewa.

Hanyar mai a irin wannan loda gajera ce, kuma ya kamata duk mai tuƙa ta ya iya bin ta da yatsa. Daga cikin tanki wani siririn tiyo ke zuƙo mai, a ƙarshensa akwai 'yar rariya da bawul da ke hana mai komawa baya. Daga nan sai wata roba mai siffar ƙwai da ake matsawa da hannu, sai filta mai wurin tara ruwa a gindinta, sai ƙaramin famfon da ke jikin inji, sannan famfon injekta ya tura wa kowace nozul rabonta ta bututun ƙarfe. Abin da ya yi saura ya bi wani tiyo ya koma tanki. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙa ake yi, ba turawa ba, shi ya sa hujin da ke wannan ɓangaren ba ya ɗigar da mai a ƙasa ka gani. Iska yake sha a ɓoye.

Robar nan ta matsawa ita ce ta fi ba ni mamaki, don ban taɓa ɗaukarta komai ba sai abin tayar da inji bayan mai ya ƙare. Masta ya sa muka cika tanki, na hau na yi aiki, shi yana tsaye gefe ƙofar baya a buɗe. Da ƙarfi ya fara raguwa ya ɗaga mini hannu na kashe na sauko. Robar ta lotsa, ta manne kamar an taka ta. Ma'anar wannan ita ce famfo na ja amma tanki ba ya sakin mai: toshewa tana bayan robar, ko a rariya, ko tiyo ya lanƙwashe, ko murfin tanki ba ya shigar da iska. Da filta ce kaɗai ta toshe, robar ba za ta lotsa ba, tunda filtar tana gabanta. Murfi muka fara gwadawa don shi ne mafi sauƙi. Aka kwance shi a hankali ana saurare. Idan hujin numfashinsa ya toshe da laka za ka ji ya ja iska “fuu”, robar kuma ta kumbura ta dawo daidai. Namu shiru, robar ma ba ta motsa ba.

Sai filta. Muka tara kwalba mai haske a ƙasanta muka kwance magudanar. Abin da ya fara fita ruwa ne tsagwaronsa, bayansa wani baƙin abu mai yauƙi, sannan dizal. Da kwalbar ta natsa sai ga su hawa-hawa, ruwa a ƙasa tunda ya fi nauyi, litar dizal wajen gram 850 ce alhali ta ruwa 1,000 ce. Baƙin abin nan ba tsatsa ba ne, tankinmu na roba ne. Ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa daidai inda ruwa da mai suka haɗu, suna cin man suna barin dauɗa. Ɗumi da laimar Kumasi kuwa abin da suke so ke nan.

Muka sa sabuwar filta: a shafa ɗan mai a robar bakinta, a ɗaura da hannu, ba da sifana ba. Masta ya hana yarona cika ta da dizal daga galan kafin a ɗaura, don man da ka zuba ta tsakiya ya riga ya tsallake tacewa, kai tsaye zai wuce famfo. Da robar matsawa aka cika ta, an sassauta dunƙulen cire iska da ke samanta har mai ya fito ba kumfa.

Gwajin da ya raba gardama bai ci ko sidi ɗaya ba. Aka cire tiyon da ya fito daga tanki, aka sa wani tsaftatacce a madadinsa, aka tsoma bakinsa a galan ɗin dizal mai kyau da muka ɗaure a jikin lodar nesa da salansa. Na hau na yi ta kwasar yashi har zufa ta jiƙa ni. Ko tari ba ta yi ba. Da famfon injekta ko nozul ko ƙaramin famfo ne ke da ciwo, shan mai daga galan ba zai warkar da su ba. Ina ganin bai kamata mai loda ko tarakta ko janareto ya yarda a kwance masa famfo ba sai an yi wannan gwajin a gabansa. Bayan haka muka mayar da ita kan tanki, muka rage man zuwa ƙasa da rabi, muka sa guntun tiyo mai haske kafin filta. Kumfa ce ke wucewa jere, robar kuma wannan karon ba ta lotsa ba, laushi ta yi, ko ka matsa sau nawa ba ta tauri.

Don a kai ga saman tanki sai an ɗaga ɗakin direba. Nan ba wurin gaggawa ba ne. Bokiti a ƙasa, inji a kashe, an cire kan batir, ɗakin kuma a tabbata makarinsa ya kama kafin kowa ya sa kai. Idan aikin ya tilasta a ɗaga hannuwan loda, a sa ƙarfen tokare da aka yi dominsu. Guntun katako ba tokare ba ne, kuma hannuwan na iya faɗowa ko inji a kashe.

Wurin matsattse ne, ga tiyoyin haidurolik ko'ina, ga laka da baƙin mai na shekaru. Sai da muka wanke kewayen tas don kada datti ya faɗa ciki, sannan Masta ya sa hannu ya zaro gwiwar ƙarfen da tiyon zuƙo mai ke maƙale da ita daga robar da ke riƙe da ita. Tiyon da ya biyo ta ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi, launinsa ya koma ruwan ƙasa, ga wata tsaga siririya daidai tsakiyarsa, wadda sai ka lanƙwasa shi take buɗe baki. Rariyar ƙarshensa kuwa ba ka ganin ragarta, baƙin yauƙin nan ya lulluɓe ta. Nan komai ya fito fili. Rariya ta toshe, famfo na ja da ƙarfi. Idan tanki a cike yake tsagar na nutse cikin mai, ana samun ɗan abin da za a lallaɓa. Da mai ya sauka ƙasa da ita sai ta koma shan iska, kamar mai zuƙar sobolo da tsinken roba da ya fashe a gefe.

A Magazin na samo sabon tiyo da rariya da robar baki. A nan a kula: ba kowane tiyo ke jure zama cikin dizal dare da rana ba. Na ruwa kumbura yake ya narke, wani na mai ma cikinsa kaɗai aka yi don mai, bayansa ba ya jurewa. Ka faɗa wa mai shago cewa a cikin tanki zai kwana. Tsawonsa kuma a auna da tsohon, yadda rariyar za ta kwanta a gindi ba tare da tiyon ya naɗe ba. Muka buɗe magudanar ƙasan tanki muka juye komai a duro, muka ɗauraye da dizal mai kyau har ya fito garau. Ba a wanke shi da ruwa. Abin da muka juye kuma bai shiga kwata ba, rafin Aboabo ya ishe shi da abin da yake ɗauka. Mun bar shi ya natsa, na saman muna wanke kayan ƙarfe da shi.

Cire iska ya zo da sauƙi: filta tukuna, sannan ɗan bawul ɗin da ke jikin famfon injekta, ana matsa roba har ta yi tauri. Sitata ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa 15, a bar ta ta huce minti guda. A tsohon inji irin namu, idan ya ƙi tashi ana iya sassauta bututun nozul kaɗan a buga har mai ya tsarto, amma hannu ya yi nesa, don man da ke fitowa nan yana huda fata, kuma raunin na asibiti ne ko da ya yi kama da cizon sauro. Sababbin lodoji masu kwamfuta kuwa, matsin mansu na iya haura 1,500 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ba a sassauta musu bututu sam. Tsumman fetur a bakin filtar iska da yara ke yi don inji ya kama, Masta ya ce duk yaron da ya yi masa haka ya bar garejinsa. Inji mai hita a silinda yana iya bugawa tun kafin lokaci ya lalata fistin.

Tun da ɗakin na sama, ya duba mini wasu abubuwa biyu. Ya zaro gejin baƙin mai ya shinshina, domin idan fatar ƙaramin famfo ta yage dizal na gangarawa cikin baƙin mai, sai ka ga geji na hawa maimakon sauka. Ya kuma sa na murɗa makulli yana saurarar solonoyid ɗin da ke buɗe mai. Ƙas ɗaya ya kamata ka ji, ya ja ya riƙe. Wanda ke ja ya saki, inji zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa kaɗan, kuma sau da yawa fiyus ne ko rile ko waya da ta ci tsatsa. Namu lafiya suke.

Saura tambayar inda ruwan ya fito. Mutane na saurin zagin gidan mai, amma tun 2017 Ghana ta sauke adadin farar wuta da aka yarda da shi a dizal ɗin da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan, kuma hukumar NPA mai kula da harkar man fetur na bin gidajen mai tana gwaji. A nawa ganin, yawancin dattin tsakanin gidan mai da tanki yake shiga. Loda ba ta zuwa gidan mai da ƙafarta, a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor ake kawo mata, kuma a unguwanninmu jarkar da ta ɗauko dizal yau ita ce ta ɗebo ruwa jiya. Ga murfin da ya ɓata aka toshe da leda, ga ruwan sama. Ga kuma tankin da ke kwana rabi, iska mai laima ta cika sauran, da sanyin asuba ta zama raɓa ta gangara ƙasa. Ruwan nan ba toshe rariya kaɗai yake yi ba. Dizal shi ne man shafawar famfo da nozul, ruwa na wanke shi ya bar ƙarfe na cin ƙarfe, haka ma kananzir idan an gauraya.

Yanzu jarkokin dizal namu an shafa musu jan fenti, suna kulle a sito, ba mai taɓa su don wani aiki. Man da aka sayo yau sai gobe ake zubawa, ta mazurari mai raga, kuma ba a juye na gindin jarka. Tanki da yamma ake cika shi bayan an tashi aiki. Kowace safiya, kafin a buga, yarona na tsiyaye gindin filta a kwalba ya kawo mini in gani, filta kuma a damina ba na jiran awannin da littafi ya faɗa, da na ga ruwa ya yawaita nake canza ta. Akwai guda a ajiye kullum a bayan kujera, tare da guntun tiyo mai haske da kilif biyu.