Bututun wuyan Ummi

Sati uku 'yata Ummi ta yi a ɗakin kulawa ta musamman, inji na numfasa mata ta baki. Ran da likita ya ce za su huda wuyanta su sa bututu, ƙafata kasa ɗaukata ta yi. Ya ce, "Hajiya, na baki in ya daɗe yana yi wa maƙogwaro rauni."

Abin da ya fi ƙona min rai, ta yi kuka ba sauti, don iskar ba ta kaiwa wurin murya. Hawaye kawai.

Yanzu muna gida a Tudun Wada, ga hunturun Zariya. Tunda iska ba ta bi ta hanci, majina kan bushe ta toshe bututun. Ni ke zuƙe ta, har tsakar dare, tocila a haƙorana.