Ranar ɗora manhaja a kan sabar

Mu huɗu ne a ɗan ofishinmu da ke Birnin Kebbi, kuma makarantu masu zaman kansu ne ke ciyar da mu: duba sakamakon jarrabawa, biyan kuɗin zango, rajistar ɗalibai. Jefi-jefi masu shinkafa daga Argungu ko Jega su kawo aikin lissafin buhuna. Rubuta manhaja nakan bar wa yara. Ranar ɗora ta a kan sabar kuwa, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, ni nake zama da kaina.

A ofis da XAMPP suke aiki a kan Windows, wato manhajar da ke mayar da kwamfutarka sabar gwaji, su zuba komai cikin foldarta ta htdocs, abu ya tafi sumul. Sabar da muke haya Ubuntu ce a madadin Windows, mai Apache, manhajar da ke miƙa wa baƙo shafi. Ubuntu kuwa ba ta yarda Logo.png da logo.png abu ɗaya ne ba. Tun daga nan tambarin makaranta yake ɓacewa.

Babban aikin shi ne ƙofa. Manhajar da aka gina da Laravel, tsarin rubuta manhaja na yaren PHP, nakan ajiye ta a foldarta ƙarƙashin /var/www, amma Apache foldar public kaɗai nake nuna masa. Ita ce zaure, baƙo iyakarsa nan. Cikin gida akwai fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, wato makin yara da lambobin iyayensu. Wanda ya nuna wa Apache uwar foldar gaba ɗaya, to duk mai waya zai iya rubuta sunan fayil ɗin a burauza ya karance shi tas.

Sai izini. Lambobi ne ke nuna wa zai karanta, wa zai rubuta: folda 755, fayil 644, foldojin storage da bootstrap/cache kuma a ba www-data, sunan da Apache ke aiki da shi, damar rubutu a ciki. Kusan duk ɗalibin da ya zo mana sanin makamar aiki, da zarar kuskure ya fito sai ya danna 777, wato kowa ya yi abin da ya ga dama.

"Oga, ai ga shi ya buɗe."

"Ya buɗe maka, ƙanena, ya buɗe wa ɓarawo. Mayar da shi."

Gwaji ba na gaggawa da shi. Sai umarnin duba saiti, apache2ctl configtest, ya ce lafiya lau kafin in sake tayar da Apache. In shafin farko ya fito sauran suna ba da 404, wato ba a ga shafi ba, galibi saitin Apache ne: mod_rewrite ba a kunna ba, ko AllowOverride bai koma All ba. In 500 ce, wato matsala daga sabar, babu amfanin tsinkaye, amsar tana cikin error.log, fayil ɗin da ake rubuta kurakurai. Daga nan in koma ɗan fashi: in nemi .env, in gwada leƙa jerin fayiloli, in tura fayil ɗin PHP a gurbin hoton fasfo. Duk wanda ya wuce, aiki bai ƙare ba. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, amma kwana 90 take yi, don haka sabuntawar ma sai na gwada ta.

Gwajin ƙarshe da waya ake yinsa, ƙaramar Android da data, domin da ita uba a Yauri zai duba sakamakon 'yarsa. PHP tana zuwa da iyakar megabayit 2 ga abin da aka tura, hoton waya kuwa sau da yawa ya fi haka.

Kuɗin wannan ranar ne masu makarantu suka fi ja da ni a kai, tunda ba su ga sabon abu a fuskar shafin ba. Nakan rage musu a kuɗin zane da launi. Wannan kam, Alhaji, sai dai haƙuri.