Ga masu tambayata wane irin aiki nake yi a Jamus

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa lafiya, nan Dortmund ma alhamdulillah. Tun da na fara horon sanin makamar aiki wata huɗu da suka wuce tambayoyin ba su canza ba, wane aiki ne wannan simuleshin ɗin, ana biya kuwa, me kake ci, kuma wai har yanzu kana wannan guje-gujen naka? To bari in amsa gaba ɗaya a nan.

Amma sai na fara da takardu don su suka fi cina rai. Ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai an yarda ya yi aiki kwana 140 cikakku a shekara ko rabin yini 280, kafin Maris na 2024 ma 120 ne, sai dai in horon wajibi ne a tsarin karatunka ba ya shiga wannan lissafin, amma fa sai ka kawo shaida daga jami'a cewa wajibin ne. Sannan in ka sauya gida dole ka yi rajistar adireshi cikin sati biyu kuma ba za a yi maka ba sai da takardar da mai gidan ya sa wa hannu. Komai nasu wasiƙa ce ta gidan waya, har lambar haraji mai lamba 11. Ni da na koma sabon ɗaki ban manna sunana a akwatin wasiƙu na ƙofar gida ba, ashe in babu suna mai kawo wasiƙa juyawa yake da ita, haka na yi sati uku ina jiran takardar da ta zo ta koma har sau biyu, ranar fara aikina tana matsowa ina ta zullumi. Don Allah duk mai shirin zuwa, ranar da ka karɓi makulli ranar za ka rubuta sunanka a akwatin nan, kuma ka sayi fayil ka adana kowace takarda ko da ka ga kamar ba ta da amfani, wata rana za a ce ka kawo ta.

Aikin kuma ga yadda yake. Kamfani yana da katafaren sito, manyan motoci suna sauke kaya suna ɗauka, yana so ya san in ya ƙara ƙofa biyu ko motar ɗaga kaya uku cunkoso zai ragu ko asarar kuɗi kawai zai yi. Maimakon ya gina ya gani sai ya ɗauko mu, mu gina siton a cikin kwamfuta da manhaja irin su AnyLogic ko Plant Simulation ta Siemens, mu sa shi ya yi aikin wata guda cikin 'yan mintuna, mu ce masa ga inda layi ke taruwa, wannan kwaikwayon a kwamfuta shi ne simuleshin.

Satin farko ban ma taɓa manhajar ba. Shugabata ta ba ni rigar nan mai ƙyalli da takalmin ƙarfe da agogon awo, ta ce in tsaya bakin ƙofar sauke kaya in auna minti nawa ake ɗauka kafin a kwashe kowace mota. Ƙofa a buɗe, iskar Disamba tana shigowa, yatsuna sun ƙage har biro na faɗuwa, amma wallahi da na danna agogon nan sai na ga kaina a filin wasa na Samaru da asubar hunturu. Shekara huɗu na yi ina gudun mita 1500 a Zariya, kocinmu yana da wani littafi mai baƙin bango, mita 400 sau goma kuma kowane zagaye sai ya rubuta daƙiƙarsa. Ranar da na taɓa yin 62 a zagayen farko na zo ina murna, ko kallona bai yi ba ya ce yaro je ka kawo min sauran taran. Na takwas 75 na yi ina haki.

Wannan maganar tasa ita ce aikina yanzu. A simuleshin kwamfuta ƙuri'a take jefawa ta zaɓi lokacin da kowace mota za ta iso, don haka in ka gudanar sau ɗaya ka ga sakamako mai kyau ba ka san komai ba tukuna, sai ka maimaita sau 30 ko fiye da ƙuri'a daban-daban ka duba matsakaici da yadda suka warwatsu. Har awannin farko ma zubar da su muke yi saboda siton yana farawa ne fanko, kuma sunan da suke kiran wannan lokacin shi ne ɗumama jiki, daidai yadda muke cewa a fili. Akwai ranar da awon da na yi ya nuna wata mota ta ɗauki minti 94 alhali sauran ba su wuce 40 ba, raina ya raya min in share ta don jadawalin ya yi kyau, sai na tuna koci bai taɓa share mummunan zagaye ba, rubutawa yake ya sa dalili a gefe. Na bar ta na rubuta cewa an jira takardar kaya ne. Da aka bincika ashe kusan kullum hakan na faruwa da motocin rana, kuma nan matsalar take, ba ƙarancin ƙofa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin layi. A mafi sauƙinsa, mai hidima ɗaya kuma mutane na zuwa ba tsari, in yana aiki kashi 80 cikin 100 na lokacinsa matsakaicin waɗanda ke wurin 4 ne, in ya kai 90 sun zama 9, in ya kai 95 sun zama 19. Masu kamfani ba sa son jin wannan, so suke kowace na'ura ta yi ta aiki ba tsayawa. Ni ban sha wahalar ganewa ba don na ga abokan gudu da suka ƙi hutun ranar Juma'a suka ƙare da ciwon gwiwa ana saura sati biyu gasa. Ina tuna layin awo a asibitocinmu, ma'aikaciya ɗaya tun safe ba ta ɗaga kai ana ta cewa ba ta da sauri, alhali ko wa aka sa a kujerar layin haka zai yi tsawo.

Gudu kuwa ina nan ina yi. A tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi kuma huɗu da 'yan mintuna an yi magariba, don haka bayan asuba nake zagaya tafkin Phoenix, wajen kilomita 3 ne, da can masana'antar ƙarfe ce a wurin. Ƙannena masu ƙwallo da gudu da ake ce muku ɓata lokaci ne, ku riƙe karatunku sosai amma kar ku bar filin, kuma ku fara rubuta abin da kuke yi kullum da lambobinsa.

Biya ana biya, yana isa haya da cefane. Abinci akwai shagunan Turkawa da naman halal, sauran bayanin sai wani jiƙon don gobe ƙarfe bakwai ina sito. Auta, in ka je ɗakina duba cikin akwatin ƙarfen nan ƙarƙashin gado akwai littafin da nake kwafe lokutana a ciki, ka ɗauki hoton shafukan ka turo min, shugabata ta ce tana so ta gani.