Asabar: yau na gano abin da mai gyaran talabijin ɗin nan ya yi mana

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare, kowa ya kwanta, ni dai bacci ya ƙi zuwa saboda har yanzu raina a ɓace yake.

Sati uku kenan da talabijin ɗin falon Hajiya mahaifiyata, inci 43, ta ɗauke hoto, murya na fita amma allon baƙi ƙirin. Hajiya ba ruwanta da wani kallo in ba tashar nan ta Saudiyya da ke nuna Harami dare da rana ba, tun da ƙafa ta hana ta fita ita ce abokiyar zamanta, tana jan carbi tana kallon masu ɗawafi. To ganin ta zauna shiru ya sa na yi gaggawa, na ɗauki lambar da aka manna a falwayar bakin layinmu, wai gyaran TV har gida. Yaron ya zo da jakarsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, ya buɗe bayan talabijin ya ɗan taɓa nan da can da mita, ya ce Oga fawa bod ne ya ƙone, wato ɓangaren da ke raba wuta a cikinta. Dubu 38. Na tura masa nan take, ya tafi da ita a adaidaita sahu, sai da ya kwana tara yana min gobe jibi kafin ya dawo da ita. Kwana biyu ta yi tana aiki, da wani duhu a kusurwar hagu ta ƙasa, rana ta uku ta koma yadda take.

Yau da safe na naɗe ta a bargo na kai ta Sabon Gari, wajen France Road, shagon wani dattijo da abokin aikina ya kwatanta min. Shagon ɗan ƙarami ne, warin dalma ko'ina, tsofaffin talabijin jibge har rufi. Baban bai ma taɓa sukundireba ba tukuna, ya jona ta da wuta, ya sa yaronsa ya ja labule, ya ɗauko tocila ya manna a jikin allon ya ce matso ɗana ka gani. Wallahi sai ga rubutun menu nan dishi-dishi a daidai inda hasken tocilar ya faɗa. Ya ce ka ga wannan, hoto na nan lafiyarsa ƙalau, fitilun baya ne suka mutu, tun ranar farko ma ciwonta kenan, duk wanda ya yi wata shida a sana'ar nan ya san talabijin mai murya ba hoto da tocila ake fara gwada ta.

Da ya kwantar da ita ya fara kwancewa sai ya yi tsaki, noti huɗu babu a murfin baya. Ya ɗaga gilashin a hankali shi da yaronsa, ya zare fararen ledojin da ke ƙarƙashi, sai ga fitilun a jere kan wasu siraran sanduna, kowace da ɗan murfinta kamar maɓallin riga. Ya nuna min guda ɗaya da ta yi baƙi, an ɗora mata ɗan guntun waya an liƙe da dalma an tsallake ta. Ya ce fitilun nan a sarƙe suke, wuta sai ta bi ta ɗaya take kaiwa ta gaba, in ɗaya ta ƙone layin ya mutu, shi ne mutuminka ya yi mata gada don ta kama na ɗan lokaci ya karɓi kuɗi, alhali in ɗaya ta tafi sauran ma sun gaji, layin gaba ɗaya ake canzawa. Duhun da nake gani a kusurwa ashe gurbinta ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bod ɗin. Bod ɗin da mai gyaran farko ya rantse min sabo ne fil a leda, Baba ya juyo min bayansa, ƙura ta daskare a jiki, ga tabon tsohon gyara har wuri uku, kwandansa biyu, wato ƙananan kayan da ke riƙe wuta a jikin bod, sun kumbura kamar gwangwanin da ya lalace, ramin noti ɗaya ma bai hau daidai ba sai da tef aka riƙe shi. Ya ce na kamfanin da ta zo da shi kusan tabbas lafiyarsa ƙalau, mai gyaran farko ya cire ne ya sayar ko ya sa wa wani. Ni dai na tsaya ina kallo, na kasa cewa komai, sai hotuna da na ɗauka da waya.

Sabbin fitilu da canjin kwandansa da kuɗin aiki gaba ɗaya dubu 17 ya karɓa, ya ba ni rasit, ya zuba min tsofaffin a leda ya ce riƙe kayanka. Ya kuma shiga saitin hoto ya rage ƙarfin hasken baya daga ƙarshe zuwa wajen rabi, ya ce barinsa a ƙure shi ke cinye fitilu da wuri musamman talabijin da ke wuni a kunne irin ta Hajiya, ya ce in samo sitabilaiza kuma. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Bayan la'asar na kira yaron sau shida bai ɗaga ba. Na karɓi wayar maman yara na kira, bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce ni ne mai talabijin ɗin Hajiya, ina bod ɗinmu na asali? Ya ce haba Oga, wallahi tallahi ya jefar, wutar gidanku ce ba ta da kyau. Na ce to wayar da ka ɗora wa fitila fa? Shiru, sai ƙit. Na hau mashin na je inda ya ce shagonsa yake, ashe rumfar mai cajin waya ce, mai rumfar ya ce yaron dai yakan zauna nan wani lokaci, kuma ni ne na uku da ya zo nemansa a watan nan.

Kuɗin da zafi, ba zan ɓoye ba, dubu 38 a wannan lokacin kuɗin makarantar yaro ne. Amma har cikin ɗakin mahaifiyata na shigar da shi, ya ci tuwon gidanmu, ranar da ya dawo da talabijin ya ce mata tasa uwar na kwance asibiti shi ya sa ya jima, Hajiya ta kwance bakin zaninta ta ba shi dubu biyu ta bi shi da addu'a.

Da magariba na rataya mata talabijin ɗinta, Harami ya fito tas. Ta ce Alhamdulillahi, sai ta juyo ta ce yaron nan kuwa ya jikin babarsa, ka tambaye shi? Na ce Hajiya ban same shi ba. Ta ce Allah Ya ba ta lafiya, na ce amin.

Bayan isha'i na fita da wuƙa na kankare lambarsa daga falwayar, na tarar da wasu biyu a layin baya su ma na cire. Gobe in Allah Ya kai mu zan kai wa mai unguwa hotunan da shaidar tiransifa, mai cajin ya yarda zai raka ni.