Kiel, garin da ƙwallon hannu ke da sarauta

Daga Hamburg zuwa Kiel, a arewacin Jamus, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai gonaki da shanu da dogayen fankokin samar da lantarki suna ta juyawa. Tun daga Neumünster mutane suka fara shigowa da mayafan wuya masu ratsin baƙi da fari, launin ƙungiyar ƙwallon hannu ta THW Kiel da na je kallon wasanta, har da tsofaffi riƙe da hannun jikokinsu. Daga nan ban ƙara tambayar kowa hanya ba, inda suka nufa can na nufa.

Kana fitowa daga tasha ruwa ne a gabanka. Wani reshe na Tekun Baltik ya kutso har tsakiyar gari, kuma nan jiragen ruwan da ke zuwa Oslo da Gothenburg suke tsayawa, tsayinsu ya shanye gine-ginen da ke kusa. Iskar bakin teku tana yanka kunne. Na sayi burodi da kifi a ciki, abincin mutanen arewacin Jamus, na bi ayari a ƙafa.

Zauren wasan tun 1951 yake nan, an gina shi da ƙarafan wata rumfar jiragen sama da aka kwaso daga tsibirin Sylt. Masu ɗaukar nauyi sun sha sauya masa suna, amma 'yan gari har gobe Ostseehalle suke cewa. Yana cin mutum 10,285, kuma yawancin kujerun suna hannun masu tikitin kaka guda, shi ya sa baƙo sai ya yi da gaske kafin ya samu wuri. Dattijon da na zauna kusa da shi ya ce tun yana saurayi a wannan layin yake zama.

An fara Bundesliga, babbar gasar ƙwallon hannu ta Jamus, a 1966. Yanzu ƙungiyoyi 18 ne, kowace tana wasa 34 a kaka, nasara maki 2, kunnen doki maki 1, biyun ƙarshe kuma su faɗa rukuni na biyu. THW Kiel, wadda ake yi wa laƙabi da Jakunan Dawa saboda launin rigarta, ita ce uwa uba: a 2023 ta zama zakaran Jamus karo na 23. A kakar 2011/12, ƙarƙashin koci Alfred Gislason ɗan ƙasar Aisland, ta cinye wasanninta 34 kaf, maki 68, ko ɗaya bai zube ba.

Amma abin da ya kama ni ba tarihi ba ne, kusanci ne. Filin mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, 'yan kallo kuma suna zaune kamar a kan wuyan 'yan wasa. Kana jin ƙugin takalmi a daɓe, kana jin karon ƙirji da ƙirji. Talabijin ba ya nuna wannan. Na ga yadda suke dangwalo danƙo daga gefen takalminsu suna shafa wa yatsu, har ƙwallo ta yi baƙi-baƙi, don ta zauna a hannu ɗaya. Akwai wani ƙato da ke tsaye a kan layin mita 6 tsakanin masu tsaron baya, ana ja masa riga, ana danne shi, amma da ƙwallo ta iso sai ya juya ya faɗa cikin da'ira, ya sake ta kafin jikinsa ya taɓa ƙasa. Wanda ya wuce gona da iri wajen riƙo, alƙali ya ɗaga masa yatsu biyu, ya koma benci minti 2.

Mai tsaron raga kuwa ni dai na sara masa. Ba safar hannu, ba kwalkwali, ga jifa daga taku kaɗan. Lokacin da aka ba baƙi jifan mita 7, ya fito gaba, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ƙwallo ta bugi cinyarsa ta fita. Zauren ya ɗauka gaba ɗaya, ganguna suka amsa. Can kusa da tashi baƙin suka cire golansu suka sa ɗan wasa na bakwai, ƙwallo ta suɓuce musu, aka wurga ta daga wancan ƙarshen fili ta faɗa ragar da ba kowa.

A ganina ƙarfin gasar nan yana cikin ƙananan garuruwa irin su Lemgo da Göppingen da Melsungen, inda ƙungiya ita ce tutar gari. Kuma zamanin da Kiel ke cin karenta ba babbaka ya wuce. Magdeburg ta ɗauki kofin a 2022 da 2024, Füchse Berlin ta ɗauki nata na farko a 2025, da Mathias Gidsel ɗan Denmak a sahun gaba.

Da muna fita dattijon ya ce ai ban ga komai ba tukuna, sai ranar da Flensburg ta zo. Garin nan ne a arewa, dab da iyakar Denmak, kuma ita ce babbar kishiyarsu. Ya ce in ina son kujera a wannan wasan, in fara nema tun ranar da aka fitar da jadawalin kaka.