Jiragen ruwan haya a atisayen sojan ruwan Birtaniya

Wai kun san ba duk jirgin da ake gani wajen atisayen sojan ruwan Birtaniya ne na soja ba? Da yawa na kamfani ne, ma'aikatan ciki ma farar hula ne, gwamnati kawai ta ba da kwangila, kamfanin ya kawo jirgi da kyaftin da injiniyoyi har da kuku.

Da can wata hukumar gwamnati ce mai suna RMAS take wannan aikin, a 2008 aka rufe ta aikin ya koma hannun wani kamfani mai suna Serco Denholm kan kwangilar shekara 15, shi ya sa za ka ga sunayen jiragen na farawa da SD, kamar SD Victoria wanda ke kai sojoji da ƙananan kwale-kwalensu wajen horo. Wasu aikinsu jan manyan jiragen yaƙi ne a sansanonin sojan ruwa na Portsmouth da Devonport da Faslane, wasu kuma su tsinto tofido, wato makamin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, bayan an harba shi a gwaji, don abin na da tsada ba a barin shi a ruwa haka kawai.

Ni dai a ganina dabarar ba laifi, me zai sa ka horar da soja shekara da shekaru sannan ka ajiye shi yana jan abin da za a auna a harba? Amma fa akwai ƙura, farar hula na da ƙungiyar ƙwadago kuma suna iya yajin aiki, soja ba ya iyawa. Kuma in kamfani ɗaya ya daɗe riƙe da jiragen da ƙwararrun, ranar sabunta kwangila wa zai iya ja da shi a farashi?