Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kawuna Sojan Ruwa

A satin da ya wuce na tsaya a inda na gama firamare ban samu wucewa koleji ba, Inna kuma ta rantse ba za ta zuba ido in zama ɗan zaman banza a bakin Kasuwar Dole ba. Wurin wanta ta kai ni, wanda yake da rumfar gyaran inji a Zango. Yau zan ɗan ajiye labarin kaina in ba da nasa, Allah ya jiƙansa, don duk abin da nake ci da shi yanzu a hannunsa na same shi.

Mutanen gari Injiniya suke ce masa, mu 'ya'yan ƙannensa kuwa Kawu. Baƙo in ya ji an ce tsohon sojan ruwa ne sai ya yi dariya, kuma ba na ganin laifinsa. Nijar ba ta da teku, daga Damagaram zuwa bakin ruwan Ikko tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce. Amma wanda ya san yadda gidajenmu suke ba zai yi mamaki ba. Kakanmu fataucin fata yake yi tsakanin nan da Kano, ya ɗauki Kawu yana ƙarami ya ba ɗan'uwansa riƙo a Fagge. A can ya yi boko, ya koyi aikin ƙarfe, a takarda ya zama ɗan Kano. Da ya tasa sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko neman aiki, jirgin da a zamanin yake kwasar gyaɗar Magariya da Matamaye zuwa tashar Apapa. Yakan ce shi da gyaɗar garinsu hanya ɗaya suka bi.

Rundunar sojan ruwan Najeriya a 1956 aka kafa ta, lokacin da ya shiga bayan samun mulkin kai 'yar ƙarama ce, kuma tana neman masu hannun gyara ruwa a jallo. Aka tura shi ɗakin inji, daga baya ya samu kansa a jirgin yaƙi NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan aka kawo a 1965, shi ne mafi girma a rundunar a lokacin. Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a watan Yuli na 1967, jirginsu yana cikin waɗanda suka raka dakarun Benjamin Adekunle suka kama Boni a ƙarshen watan, sannan Kalaba a watan Oktoba.

Mu yara muna son mu ji labarin harbi. Ba mu taɓa samu ba. Ya ce shi bai ga Boni da idonsa ba ranar da aka kama ta, yana can ƙasan jirgi, ƙasa da fuskar ruwa, babu taga. Abin da ya sani na yaƙin shi ne ƙararrawar da ake bugowa daga sama a ce a ƙara gudu ko a rage ko a ja da baya, da girgizar da jirgi yake yi duk sa'ad da aka saki babbar bindiga. Kuma kowa a ɗakin ya san in aka fasa jirgi su ne na ƙarshen fita. Aikin da rundunarsu ta fi daɗewa tana yi shi ne tare bakin teku, kada komai ya shiga Biyafara, har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. Kawu ya san abin da wannan tarewa ta jawo wa yara na yunwa, ya kuma ga wasunsu da ya sauka ƙasa. In zance ya biyo ta nan sai ya tashi ya ce lokacin alwala ya yi. A ganina shi ya sa bai taɓa zama cikin masu hirar jarumtaka ba, kakinsa ma yana ƙasan adaka, asu ne ya ci rabonsa.

Bayan yaƙi ya bar soja ya koma kamfanin jiragen dakon kaya na gwamnatin Najeriya, wanda aka kafa a 1959, mai jirage irin su Dan Fodio da El Kanemi da King Jaja. Ya ga Libaful, ya ga Hambug, ya sha sanyin da bai taɓa mafarki ba. Ya kuma ga cunkoson siminti na 1975, lokacin da jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko suna jiran layin sauke kaya, wasu wata da watanni, har simintin ya daskare a cikin wasunsu. Ciwon kakarmu ne ya dawo da shi gida, gab da Buhari ya rufe iyaka a 1984, shekarar farin da har yau tsofaffinmu suke kira El-Buhari. Ya zo da niyyar komawa. Iyaka ta daɗe a rufe, tsohuwa ta rasu, ƙannensa mata suka taru a kansa, sai ya kafa rumfa.

Ranar da Inna ta kai ni, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga ɗanka nan, ka yi yadda ka ga dama da shi." Bai dube ni ba, ya ce, "Ya iya rubutu?" Ta ce ya iya. Ya miƙo mini wani babban littafi da alƙalami. Ni da na zo da zumuɗin riƙe sufana, aka ce in zauna kusa da janareton wani mai shago da ake gwaji, in riƙa rubuta lokaci, da zafin ruwa, da launin hayaƙi, duk bayan awa guda. A jirgi haka ake yi: awa 4 kana gadi, awa 8 kana hutu, dare da rana, kuma ba ka miƙa wa wanda ya karɓe ka aiki sai da littafi. Duk injin da ya taɓa shiga rumfar Kawu yana da shafinsa, da sunan mai shi, da abin da aka canja masa. Sauran masu gyara suna yi masa dariya, wai ya mai da garaji ofishin alƙali. Amma mai injin niƙa zai dawo bayan shekara yana rantsuwa bai taɓa barin baƙin mai ya ƙare ba, Kawu ya buɗe shafi ya karanta masa ranar da aka kawo injin a bushe. Ba a yin gardama mai tsawo a rumfar nan.

Sai sauraro. Yana da wani dogon ƙarfe da yake ɗora bakinsa a jikin inji, ya kafa ɗaya bakin a kunnensa, ya bi fistin ɗaya bayan ɗaya. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi, injin yana shan baƙin mai, a duba ringi. Fari mai yawa bayan inji ya ɗau zafi, ruwa ya sami hanyar shiga inda bai kamata ba. Ba ya yarda a kwance inji sai an faɗi abin da ake zaton za a tarar. "Kai ɗana," yakan ce, "a tsakiyar teku babu kanti. In ka ɓalle abin da yake lafiya, da me za ka mayar?"

Amma abin da ya fi yi wa garin nan, a kan ruwa ne. Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai gane ba. Garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Machaya da Arunguza, tun kafin a zo ga na Ganaram. Ana ma cewa ƙarancin ruwa yana cikin abin da ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. In bazara ta kama, famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, mata su kwana a layi da jarkoki, 'yan garuwa su tsawwala kuɗi. Kawu shi kaɗai na sani wanda wannan bai dame shi ba. Ya ce garinmu jirgi ne da ya kafe a kan dutse, ai a jirgi ma ruwan sha da awo ake ba da shi, ga ruwa ko'ina amma ba ya shayuwa.

Ya yi mini bayanin yadda suke yi. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, in ka bar shi ya zaga cikin inji zai cinye ƙarfe ya toshe hanyoyi. Saboda haka ruwan daɗi ne yake zagawa a cikin inji, a rufe, ba ya fita. In ya ɗau zafi sai ya bi ta wasu siraran bututu da ruwan teku yake wucewa ta jikinsu, ya huce, ya koma. Ruwa biyu suna musayar zafi ba su taɓa haɗuwa ba. Wannan zafin ma ba a bar shi ya tafi a banza ba: akwai tukunyar da ake zuƙe wa iska, ruwan teku ya tafasa a cikinta ba tare da ya kai zafin da muka sani ba, a tara tururin ya zama ruwan sha, gishirin a mayar wa teku abinsa. Na daɗe ina zaton tatsuniya yake yi mini.

A lokacin masu injin niƙa da yawa a unguwanni garwa guda suke ajiyewa, ruwa ya tafasa ya ƙone, su sayi wani su zuba, wani lokaci na tabki mai laka da kanwa. Irin ruwan nan shi yake yin ɓawo a cikin kan inji har ya tsage. Kawu ya riƙa haɗa musu durum biyu da tiyo, ɗaya daga saman inji ɗaya daga ƙasa, ya ɗaga durum ɗin sama da injin, ya yi masa murfi da inuwa. Ruwan zafi da kansa yake hawa, mai sanyi ya sauko, ba famfo ba lantarki. Ya ce a cika da ruwan sama tun da damina, a riƙa ƙari kaɗan kaɗan. Masu inji suka rage sayen ruwa, kan inji ya daina tsagewa. Bai ƙirƙiro komai ba, shi da kansa yakan faɗa, amma kafin shi ba wanda ya zauna ya yi musu. Daga baya masu lambu na Mirriya da Gidimuni suka gano shi, injinan ban ruwa suka cika rumfar. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, tiyon zuƙa ne yake shan iska ko yashi ya toshe bawul ɗin ƙasa. Sai ya gyara ya karɓi kuɗin goro, matarsa tana mita, wani da zai ce a canja fistin ya ci jika goma.

Ba waliyyi ba ne, kada in yi ƙarya a kan mamaci. Yana da zafin rai, makarar minti biyar a wurinsa laifi ce babba, yara da yawa sun gudu daga hannunsa. 'Ya'yansa na cikinsa ma babu wanda ya gaji sana'ar. Ya rasu ba da daɗewa ba bayan an buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, yana ta cewa in ya ji sauƙi zai nemi a bar shi ya shiga ya ga injinanta. Masu niƙa da masu lambu ne suka fi yawa a jana'izarsa. Littattafan suna wurina, wasu injinan da ke ciki har yau ana kawo mini su. Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarina, daga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, Kawu ya ɗaure mini kuɗi a ƙugu ya tura ni kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ni kaɗai, ban san kowa ba sai sunan unguwar da ya girma.